Kiran da ke neman lambar sirri

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Wani ya kira ni da sunan ma'aikacin banki, ya ce za a rufe asusuna idan ban karanto masa lambar da aka turo mini ba. Na katse kiran, shin na yi daidai?

Amsa ta farko: Kin yi daidai, 'yar'uwa. Da lambar nan ake tabbatar da fitar kuɗi, shi ya sa banki ba ya tambayarta, haka ma lambar sirrin kati da lambobi 3 da ke bayansa. Gaggawar da ya ɗora miki ce ta tona asirinsa.

Amsa ta biyu: Malama, tunda lambar ta iso, wataƙila bayanan katinki suna hannunsa. Ki tuntuɓi bankin da kanki, su toshe katin.