Kalmar sponge ta sha mini kai, a taimaka

Assalamu alaikum malamai. Ina koyar da Turanci a wata sakandare, kuma kwana uku ke nan kalma ɗaya ta hana ni sakat, wato sponge.

Ma'anarta ta fili ba wuya, soso ne, na wanka ko na wanke-wanke. Sponge cake ma kek ne mai laushi da ƙananan ramuka. Da na ce wa ɗalibai ana kwatanta yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa da cewa "like a sponge", nan take suka gane, don kowa ya san yadda soso ke shanye ruwa.

Inda na maƙale shi ne idan ta koma aikatau. A wani nassi na ga "he sponges off his brother", wato cima-zaune ne, ya kwanta a aljihun ɗan'uwansa ba kunya. A wani wurin kuma na ga "sponge on". Wanne ya fi dacewa in koya wa masu shirin rubuta WAEC? Ga kuma "sponge off the stain", goge tabo da jiƙaƙƙen soso. Kalmomi iri ɗaya, ma'ana ta yi hannun riga. Wata ɗaliba ta nemi dabarar bambance su, wallahi sai kame-kame na yi ta yi.

Sai "throw in the sponge", daga damben Turawa, inda mai kula da ɗan dambe ke jefa soso cikin fage, alamar an sallama. Har yanzu ana faɗinsa, ko "throw in the towel" ya danne shi?