Me fitilar tsohon da ke kan kati na tara take nufi?

Mai Neman Haske ya rubuta:

Assalamu alaikum. Na jima ina nazarin hotunan katunan tarot, wato wasu katunan karta masu zane-zane da wasu ke amfani da su wajen duba, amma ni ban ɗauke su hanyar duba ko sanin gaibu ba. Abin da nake yi shi ne, kullum da safe nakan zaro kati guda daga cikin katunan tarot guda 22 da ake kira manyan katuna, in zuba masa ido na ɗan lokaci, in rubuta tunanin da ya taso mini game da halin da nake ciki. A cikin wata biyu da suka wuce, kati na tara ya fito mini har sau uku, wato na tsohon da ke tsaye shi kaɗai a kan tsauni mai dusar ƙanƙara, sanye da alkyabba ruwan toka, fitila a hannun dama, doguwar sanda a hannun hagu.

Duk bayanin da na karanta kusan bakinsu ɗaya, cewa katin yana nuni ga keɓewa da neman hikima. Damuwata ita ce, tun kafin ya fara fito mini na riga na ja jiki daga mutane, na rage zumunci, kuma har yanzu na kasa tantance ko natsuwa nake nema ko kuwa ina guje wa wasu al'amura ne da ya kamata in fuskanta. Yaya zan karanta wannan hoto ba tare da na mayar da shi hujjar abin da zuciyata take so tun farko ba?

Ɗan Tarihi ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, kafin a zo ga ma'ana, yana da kyau ka san cewa wannan tsoho bai fara rayuwarsa da fitila a hannu ba. Tarot ya samo asali ne a arewacin Italiya a ƙarni na 15, a matsayin wasan karta na fadojin masu mulki irin na Milan da Ferrara, kuma a katunan da aka zana wa gidajen Visconti da Sforza masu mulkin Milan, abin da tsohon yake riƙe da shi agogon yashi ne. A lokacin shi alamar zamani ne da tsufa, tunatarwa ce cewa kwanaki suna zubewa kamar yashi. Daga baya, a katunan da suka shahara da sunan birnin Marseille na Faransa, agogon ya rikiɗe ya zama fitila, tsohon kuma ya zama mai halwa.

Danganta katunan da asirai ya zo ne a makare, domin a 1781 ne wani Bafaranshe mai suna Antoine Court de Gébelin ya yi iƙirarin cewa hikimar tsohuwar Masar ce aka ɓoye a cikinsu, iƙirarin da masana tarihi ba su sami hujjarsa ba. Hoton da kake siffantawa kuwa, mai tsauni da dusar ƙanƙara, na katunan da aka buga a Landan ne a 1909, waɗanda Pamela Colman Smith ta zana bisa tsarin Arthur Edward Waite.

Na kawo wannan ne don ka ga cewa mutane ne suka ɗora wa katin ma'ana, kuma sun sha sauya ta. A ganina tsohuwar ma'anar ta fi dacewa da tambayarka. Idan ka mayar wa tsohon agogonsa, tambayar za ta koma ta lokaci: wannan keɓewar da kake ciki, ka yanka mata wa'adi, ko kuwa kwanaki ne kawai suke wucewa?

Malama Mai Alƙalami ta amsa:

Na amfana da bayanin Ɗan Tarihi, amma ni zan tsaya a kan hoton da ke gabanka, domin akwai abubuwa a cikinsa da ake yawan wucewa ta kansu. Ka lura da yadda tsohon ya riƙe fitilar. Bai ɓoye ta a cikin alkyabba ba, bai kuma kusanto da ita fuskarsa ba. Ya ɗaga ta ne ya miƙa gaba, alhali kansa a sunkuye yake, kamar mai duban hanyar da ya hawo. Wanda ya riga ya kai ƙololuwar tsauni ba ya da sauran tudun da zai haska wa kansa, don haka masu sharhi da yawa suke fahimtar cewa hasken na waɗanda suke biye da shi ne a ƙasa. Idan haka ne, kaɗaicin wannan tsoho bai yanke shi daga mutane ba, kuma nan ne nake ganin ma'aunin da kake nema. Ka tambayi kanka ko akwai wani abu da ka samo a cikin wannan shiru naka wanda za ka iya komawa da shi wurin mutanen da ka ja jiki daga gare su, ko haƙuri ne, ko fahimtar wani kuskure naka, ko ma kalmar ban haƙuri da ka daɗe kana riƙewa. Halwa tana da ƙofar fita, kuma mai yin ta ya san dalilin shigarsa.

Abu na biyu shi ne girman hasken. A cikin fitilar akwai tauraro mai tsini shida, amma duk da haka fitila ce, ba ta haska fiye da taku kaɗan. Na daɗe ina ganin wannan a matsayin mafi gaskiyar abin da ke cikin katin, domin mai neman gyaran zuciya yakan so ya hango ƙarshen tafiya tun daga farko, idan bai hango ba sai ya tsaya cik. Sandar ma tana da abin cewa: tsoho ne mai buƙatar abin dogarawa, kuma bai ji kunyar riƙe ta a fili ba.

Masu amfani da katunan sukan ce idan wannan kati ya fito a juye, kai ƙasa, yana nufin kaɗaici mai cutarwa. Ni ban ba wa wannan muhimmanci ba, saboda juyewar takarda a hannu ba za ta san halin da zuciyarka take ciki fiye da kai ba.

Mai Lissafi ya amsa:

Ɗan'uwa, ina so in taɓo batun fitowar katin sau uku, domin ina jin kamar ya fara yi maka nauyi a rai. Idan kana zaro kati guda daga cikin 22 kullum har kwana 60, lissafi ya nuna cewa kowane kati zai fito kusan sau uku a matsakaici, tunda 60 a raba gida 22 ya haura biyu da rabi. Ke nan babu wani abin mamaki a nan. Na tabbata idan ka duba littafin da kake rubutu a ciki za ka tarar da wasu katunan da suka fito sau uku ko huɗu, amma ba su tsaya maka a rai ba. Wannan ya tsaya ne saboda ya taɓa inda yake maka ciwo.

Ka ce ba duba kake yi ba, kuma na yarda da kai, sai dai iyakar da ke tsakani siririya ce ƙwarai. Ranar da ka fara cewa katin ya zo ne don ya faɗa maka wani abu, ka tsallaka ta ba tare da ka sani ba.

Mai Neman Haske ya sake rubutawa:

Na gode muku duka. Na koma na duba littafin kamar yadda Mai Lissafi ya ce, na tarar katin Rana ya fito sau huɗu a cikin wannan lokacin, kuma ban rubuta komai a kansa ba sai layi ɗaya ko biyu. Tambayar wa'adi ita ce ta fi kama ni, domin gaskiya ban taɓa sa wa wannan janyewar rana ba. Malama, game da abin da zan koma da shi, akwai wani aminina da na daina amsa kiransa tun bayan wata 'yar saɓani da ta shiga tsakaninmu, kuma da na karanta abin da na rubuta a ranaku ukun nan, sai na ga sunansa ya fito a biyu daga cikinsu. Zan kira shi a ƙarshen makon nan, in sha Allahu.