Muhawara: Sai da kafso ciki zai narkar da naman layya?

Hajiya Rabi, Aboabo: Salamu alaikum. Wani saƙon murya yana yawo a WhatsApp nan Kumasi, wai duk wanda ya haura shekara 40 cikinsa ba ya iya narkar da nama sai ya haɗiyi kafson inzayim, wato sinadarin da ke narkar da abinci, kuma wai kafson yana maganin kumburin gwiwa. Ga Babbar Sallah ta ƙarato. Masana, me kuka ce?

Malam Awudu: Wa alaikumus salam, Hajiya. Maganar farko ba ta da tushe. Tumbi yana fitar da inzayim ɗin fefsin, mai aiki cikin tsami mai ƙarfi, kusan 2 a ma'aunin tsami na pH. Idan abinci ya gangara ƙaramin hanji, sai fankiriyas, wannan gaɓar da ke kwance bayan tumbi, ta turo nata inzayim, tirifsin da kimotirifsin, su ƙarasa farfasa furotin. Abin da take fitarwa ya ninka buƙatar mai lafiya. Sai aikinta ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 kafin maiƙo ya fara fita a bayan gida.

Mariyama: Malam, kada mu yi watsi da abin gaba ɗaya. A murje ganyen gwanda a naɗe danyen nama awa biyu, a ga yadda zai yi laushi. Inzayim ɗin fafen ne ya yi aikin, wanda ke cikin farin ƙaron danyar gwanda. Abarba kuma tana da biromelen, ya fi yawa a kararta, kuma akwai gwaje-gwajen da suka nuna yana rage kumburi bayan cire haƙori.

Malam Awudu: Naman da ke kan faranti daban, gwiwar mutum daban, ƙanwata. Shi kansa inzayim furotin ne, tumbi yana narkar da mafi yawansa. Kin san inzayim ɗin serafeftes da ake sayarwa don kumburi? Kamfanin Takeda na Japan da kansa ya janye nasa a 2011, saboda gwaji bai nuna amfaninsa ba.

Mariyama: Na yarda a kan serafeftes. Biromelen dai ina nan kan bakana, amma da sharaɗi: mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, ko asfirin ya nisance shi don yana ƙara zubar jini, mai jiran tiyata ya daina mako biyu kafin ranar. Mai juna biyu kuma ta bar danyar gwanda.

Alhaji Tanko, Asawase: Ni damuwata waɗanda suke buƙatar maganin da gaske. Alamarsu rama, da bayan gida mai maiƙo da wari wanda yake yawo saman ruwa. Wannan asibiti zai je, ko Komfo Anokye ko mafi kusa, a yi gwajin elastes, wani inzayim na fankiriyas, a bayan gida. Sakamakon da ya yi ƙasa da 200 yana nuna fankiriyas ta gaza. Maganin irin su Creon ne, babba yakan fara da yunit 40,000 zuwa 50,000 na lifes, inzayim mai narkar da maiƙo, a babban abinci, rabinsa a ƙaramin ci. Da lomar farko ake haɗiye shi. Kada a tauna, domin rufin ƙwayoyin ne yake kare su daga tsamin tumbi, kuma taunawa tana sa gyambo a baki. Kada a bi shi da shayi mai zafi, zafin yana kashe shi.

Hajiya Rabi: Alhaji, an ce daga alade ake yin sa.

Alhaji Tanko: Gaskiya ne, daga fankiriyas ɗin alade ake ciro shi. Wanda likita ya rubuta wa, malamai da yawa sun ba shi uzurin larura. Mai ƙoshin lafiya fa, ya karanta jikin kwalba: idan an rubuta fankiriyatin, wato inzayim ɗin da aka ciro daga fankiriyas ɗin dabba, ya tambayi mai kemis asalinsa, ya kuma duba lambar rajistar hukumar kula da abinci da magunguna ta Gana (FDA) kafin ya miƙa kuɗinsa.