"Labarin zuciya a tambayi fuska": yaran da suka ga tashin hankali fa?

Malamar Firamare, Gusau: Jama'a, ina da ja a kan wannan karin magana. Akwai yaran da suka dawo makarantarmu daga ƙauyukan Maru bayan 'yan bindiga sun tashe su. Yaro ba kuka ba dariya, ka tambaye shi ya ce lafiya lau, amma da dare yana zabura, har da fitsarin kwance. Wace fuskar za a tambaya?

Baba na Anka: Malama, ai magabata ba su ce a tambayi baki ba. Fuskar da ta daina dariya ta riga ta ba ki labari.

Malamar Firamare: Ta gaya mini akwai damuwa, Baba, ba ta gaya mini mece ce ba. Shi ya sa nake ganin amfanin jinya ta wasan yashi. Wata likitar yara a Landan, Margaret Lowenfeld, ta faro shi a 1929, daga baya Dora Kalff ta Suwizalan ta faɗaɗa shi. Ana zuba yashi a faffaɗan akwatin katako mai shuɗin ciki, a ajiye 'yan kayan wasa: shanu, gidaje, babura, mutane. Yaro ya gina abin da ransa ke so, babba na zaune gefe, ba gyara, ba titsiye. Na ga wata yarinya ta jera babura a bakin gari, ta tona rami ta binne 'yar tsana ta danne da tafin hannu. Sai bayan makonni ta tono ta, ta kakkaɓe, ta sa ta cikin gida.

Inna ta Tsafe: Allah sarki! Ai 'ya'yanmu sun saba da tuwon ƙasa, mu ne ke kwaɓarsu kar su ɓata tufafi. Ni tsorona kada a fama musu miki. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Malamar Firamare: Inna, wannan maganar manya ce masu riƙon sirri, ɗan shekara 7 bai kai a ɗora masa ita ba. Amma tsoronki na kan hanya. Dole mai zama da yaron ya samu horo, ya san lokacin da zai dakatar in yaro ya rikice.

Baba na Anka: To ni dai ina nan kan bakana, mai lura shi ke karanta fuska, shi ke karanta yashin. Tambayata, Malama, 'yan mata kamar na Jangebe da aka sace a 2021, ba za su ga an mai da su yara ba?

Malamar Firamare: Har manya ana yi wa, Baba. Wadda ba ta so kuma, ba a tilasta mata.