Na rage ƙiba, sanyi ya addabe ni

Uwargida daga Agege: Assalamu alaikum. Wata uku na rage tuwo da shinkafa, na zubar da kilo 8. Yanzu ko a zafin Legas sai na lulluɓa, ga kasala, sikeli kuma ya tsaya cak. Me ke faruwa?

Nas daga Idi-Araba: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kitse na fitar da sinadarin leptin, mai shaida wa ƙwaƙwalwa akwai ajiya. Da kitse ya ragu, leptin ya sauka, sai ƙwaƙwalwa ta sassauta umarnin da take aika wa tayirod ɗin gaban wuya, sinadarin T3 da tayirod ke samarwa don ƙona kuzari ya ragu, jiki ya koma tsimin kuzari. Shi ya sa ake jin sanyi da kasala, nauyi kuma ya tsaya.

Magidanci daga Obalende: Matata ma haka ta yi. A auna miki TSH (sinadarin da ke kai wa tayirod umarni) a jini tukuna, kada ki sha magani da ka.