Katakon gefen gita yana tsagewa wajen lanƙwasawa, mene ne mafita?

Assalamu alaikum, masana aikin katako. Ina haɗa gita da hannu don nishaɗi, irin wadda ba ta amfani da lantarki, amma lanƙwasa gefuna ya tsaya mini a wuya.

Katakon maɗaci nake amfani da shi, na fere shi ya koma kaurin milimita 2. Nakan yayyafa masa ruwa, in ɗora shi kan bututun ƙarfe mai zafin kusan digiri 150, ina danna shi sannu a hankali. Manyan lanƙwasoshin suna tafiya lafiya lau. Da na iso ƙugun gitar, inda kwanar ta fi tsanani, sai bayan katakon ya fara tsagewa, zaruruwansa suna tashi. In na ƙara zafi ya ƙone, in na ƙara ruwa kuma fuskarsa ta yi tudu da kwari bayan ya bushe.

Ni dai ina zargin jijiyar katakon ce, wato yadda zaruruwansa suka kwanta, don ta maɗaci a sarƙe take. Shin in ƙara fere wurin ƙugun kaɗai, ko in tallafe bayansa da siririn farantin ƙarfe yayin lanƙwasawa? Wanda ya riga ya ɗan tsage kuma, gam zai riƙe shi, ko dai in haƙura da shi? Don Allah a taimaka.