Sayar da bindiga hannu da hannu a Amurka: ɓaraka ce ko tsari?

Malam Nasiru: Assalamu alaikum jama'a. Ina so in amayar da abin da ke cina a rai game da dokar bindiga a ƙasar nan ta Amurka, wadda take takura wa mai gaskiya tana kuma sakar wa wanda ba a sani ba mara. Ina zaune a jihar Teksas, ina da bindiga ƙirar fistol da na mallaka bisa ƙa'ida, na kuma yi niyyar sayar da ita ga ɗan yayata da ke jihar Oklahoma, yaron da na sani tun yana goye, mai aikin yi, mai iyali, wanda bai taɓa kwana a hannun 'yan sanda ba. Da na je wani shagon bindigogi neman shawara, sai aka ce ba ni da ikon miƙa masa ita hannu da hannu, ko da kyauta ce, sai dai in aika da ita wurin dillali mai lasisi a can jiharsa, ya je ya cike fom, a bincika tarihinsa, a biya kuɗin aiki. Amma mai shagon da bakinsa ya tabbatar mini cewa da zan haɗu da wani ɗan Teksas da ban taɓa gani ba a wurin ajiye motoci, in karɓi kuɗinsa in ba shi bindigar, babu dokar da na karya muddin ban san yana da wani tabo ba. Ɗan yayata sai an tantance shi, baƙon ido kuwa ba ya buƙatar komai. Wannan babbar ɓaraka ce a doka, kuma rashin adalci ne a ce iyakar jiha ta fi zumunci ƙarfi.

Alhaji Bashir: Wa'alaikumus salam, Malam Nasiru. Na ji kokenka, amma ba zan bari kalmar ɓaraka ta wuce ba, domin ita ce masu adawa da haƙƙin mallakar bindiga suke yaɗawa don su nuna kamar majalisa ta yi gyangyaɗi ne. Ɓaraka ita ce inda ɗinki ya warware ba da sanin tela ba, nan kuwa tela ne ya bar wurin a buɗe yana sane. Dokar tarayya ta 1986 ta faɗa a fili cewa wanda yake sayar da bindiga jefi-jefi, ko yake rage abin da ya tara na kansa, ba ɗan kasuwar bindiga ba ne, ba ya buƙatar lasisi. Dokar Brady ta 1993 da ta kawo binciken tarihin mai saye, a kan dillalai masu lasisi kaɗai ta ɗora shi. A watan Afrilun 2013 sanatoci Manchin da Toomey sun kawo ƙudirin faɗaɗa binciken, ya sami ƙuri'a 54 a majalisar dattawa alhali ana buƙatar 60, ya faɗi. Abin da aka kawo gaban majalisa ta duba ta bar shi yadda yake, tsari ne.

Hajiya Rakiya: Alhaji, ranka ya daɗe, ko da gangan aka bar ƙofa a buɗe, wanda ya shigo ta cikinta ya yi ɓarna dai ya shigo. A ranar 31 ga Agustan 2019, a tsakanin garuruwan Midland da Odessa na jiharku ta Teksas, wani mutum ya harbe mutane bakwai har lahira. Wannan mutumin ya taɓa zuwa sayen bindiga a 2014, binciken tarihi ya hana shi, daga baya ya samo ta a hannun wani mutum da ba shi da lasisi, inda babu wanda zai tambaye shi komai. Idan doka ta ce wane ba zai mallaki bindiga ba, sannan ta bar masa hanyar da zai saya ba tare da an duba sunansa ba, ni a wurina sunan wannan abu ɓaraka, ko wa ya bar ta, ko da wace niyya.

Alhaji Bashir: Hajiya, ba ki ƙarasa labarin ba. Wanda ya sayar wa mutumin nan bindiga an gurfanar da shi, ya amsa laifin yin kasuwancin bindiga ba lasisi, an yanke masa ɗaurin shekara biyu. Wato dokar da ta haramta abin da ya yi tana nan tun kafin ranar, shi ne ya taka ta. Wanda ya karya doka ba ya zama hujjar cewa doka tana da ɓaraka.

Usman: Alhaji Bashir yana wasa da kalmomi ne kawai. Kowa ya san kashi 40 cikin 100 na bindigogin da ake sayarwa a Amurka ba a yi wa masu sayensu wani bincike. Idan wannan ba ɓaraka ba ce, to, babu abin da ya cancanci sunan a duniya.

Alhaji Bashir: Usman, ƙanena, kafin ka ce ina wasa da kalmomi ya kamata ka faɗa mana ko ka taɓa tsayawa gaban kantar dillali ka cike fom mai lamba 4473, ka jira a tura sunanka ga hukumar FBI. Mu da muka yi muna magana ne a kan abin da muka gani da idonmu, kuma gani ya kori ji. Wanda bai taɓa riƙe bindiga ba ya kamata ya saurara fiye da yadda yake magana.

Usman: Ba sai na mallaki bindiga zan sami bakin magana a kanta ba, tun da harsashi ba ya tambayar wanda ya sama ko yana da lasisi. Girman da nake ba ka yana nan, Alhaji, amma shekaru ba hujja ba ne a muhawara.

Barista Jamila: 'Yan'uwa, ina roƙon a sassauta, domin har yanzu babu wanda ya taɓa ainihin matsalar Malam Nasiru. Abin da ya hana shi miƙa wa ɗan yayarsa bindiga dokar tarayya ce ta 1968, wadda aka yi a shekarar da aka kashe Martin Luther King da Robert Kennedy. Ta hana wanda ba shi da lasisi ya sayar ko ya ba da bindiga ga mazaunin wata jiha, don kada mutum ya tsallaka iyaka ya kauce wa dokar jiharsa, kuma ba ta ware dangi ba, sai dai ta yi togaciya a kan gado da kuma aro na ɗan lokaci don farauta ko wasan harbi. Tun da fistol ce, dole ta bi ta hannun dillali mai lasisi a jihar mai saye.

Amma kada a ɗauka cewa cinikin cikin jiha ba shi da sharaɗi. Laifi ne ka sayar wa wanda ka sani, ko kake da dalili mai ƙarfi na zargin, cewa doka ta hana shi mallakar bindiga, kuma tun 2022 hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin shekara 15. A cikin waɗanda aka hana akwai wanda aka taɓa samu da laifin da hukuncinsa ya wuce shekara ɗaya, da mai gudun shari'a, da mai ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, da wanda aka samu da laifin dukan iyali ko kotu ta ba da umarnin ya nisanci matarsa, da mai zama a ƙasar ba bisa ƙa'ida ba. Akwai wani rukuni da ya shafi da yawa daga cikinmu: mai zama da bizar karatu ko ta ziyara shi ma yana cikin waɗanda aka hana, sai in ya faɗa cikin togaciya irin ta mai lasisin farauta. Mutum na iya sayar wa ɗalibi abokinsa da kyakkyawar niyya ya jefa kansa cikin shari'ar tarayya. Fistol kuma ba a ba wanda bai kai shekara 18 ba, dokar Teksas ma ta hana a sayar wa wanda yake cikin maye.

Game da kashi 40 ɗin Usman, wannan adadi ya fito ne daga wani binciken jin ra'ayi na 1994, kafin tsarin NICS, wato tsarin binciken tarihin mai sayen bindiga na hukumar FBI, ya fara aiki a 1998. Binciken da aka wallafa a 2017 ya samu kashi 22 a tsakanin waɗanda suka mallaki bindiga a shekaru biyun da suka gabace shi.

Usman: Ko 22 ne, Barista, mutum ɗaya cikin biyar ke nan, kuma wannan ya isa a kira shi ɓaraka. Magana ta tana nan yadda na faɗe ta.

Alhaji Bashir: Barista ta gama magana. An zo mana da adadin da ya tsufa ana neman a rufe mana baki da shi. Ni ma ga nawa: rahoton ma'aikatar shari'a da aka fitar a 2019, daga tambayoyin da aka yi wa fursunoni a 2016, ya nuna cewa ƙasa da kashi ɗaya ne suka sami bindigarsu a baje kolin bindigogi, wurin da kullum ake nunawa da yatsa, kashi 43 kuma a kasuwar bayan fage suka samo. Ɗan kasuwar bayan fage ba zai je wurin dillali a yi masa bincike ba ko an yi doka dubu.

Hajiya Rakiya: Rahoton nan dai, Alhaji, ya ce kusan kashi 25 daga hannun dangi ko abokai suka samu, ko kyauta aka ba su, wanda shi ne cinikin hannu da hannun da muke magana a kai. Mu a Kalifoniya tun 1991 ba a miƙa bindiga tsakanin mutum da mutum sai ta hannun dillali, in ban da wasu togaciya kamar tsakanin iyaye da 'ya'ya, sannan akwai jiran kwana goma. Kolorado ta bi sahu a 2013, jihar Washinton a 2014. Masu bindiga a waɗannan jihohi suna nan suna saye da sayarwa, babu wanda aka ƙwace wa haƙƙinsa.

Alhaji Bashir: Dama na san Kalifoniya za a kawo. Jihar da take ajiye sunan mai sayen bindiga da lambar bindigarsa a kundin gwamnati ba za ta zama abin koyi gare mu ba. Dokar 1986 ta hana gwamnatin tarayya buɗe rajistar masu bindiga, kuma duk wanda ya ce a bi da kowane ciniki ta hannun dillali, rajista yake nema ta bayan gida. Idan Hajiya tana jin daɗin zama a can, Allah ya ba da zaman lafiya, amma a bar mana Teksas yadda take.

Hajiya Rakiya: Ban ce a mayar da Teksas Kalifoniya ba, kuma ba daidai ba ne a riƙa auna maganata da jihar da nake zaune. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na tsaya a kan wanda aka kawo da raunin harbi, na ga yadda ake yanke rigarsa da almakashi ana neman inda jinin yake fitowa, mahaifiyarsa tana zaune a ƙasa a bakin ƙofa. In dai cike fom ne ke ba mutum bakin magana kamar yadda ka gaya wa Usman, to, ni ma abin da na gani ya ba ni nawa.

Malam Nasiru: Jama'a, ni fa a kan ɗan yayata na yi ƙorafi, kuma abin da nake so shi ne a sauƙaƙa wa dangi, ba a ƙara tsananta wa kowa ba. Hajiya ta ɗauke ni kamar ina tare da ita, Alhaji kuma ya mai da ni abokin gaba saboda kalma ɗaya.

Usman: Kai ka kira ta ɓaraka, Malam Nasiru, kuma ka faɗi gaskiya, kada ka janye don Alhaji ya ɗaga murya.

Barista Jamila: Ga wanda zai yi ciniki hannu da hannu da mazaunin jiharsa a jihar da ba ta tilasta bincike ba, hanya mafi tsira ita ce ku je wurin dillali tare da mai saye a yi binciken da yardarku, domin mutum shi kaɗai ba shi da ikon shiga tsarin NICS. In ba haka ba, a duba lasisin tuƙinsa a tabbatar mazaunin jihar ne, a rubuta takardar shaidar ciniki mai ɗauke da lambar bindigar da kwanan wata, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafi. Idan wata rana aka tsinci bindigar a wurin aikata laifi, hukumar ATF ta tarayya mai kula da harkar bindigogi tana bin sawunta ne daga kamfanin da ya ƙera ta zuwa dillali zuwa mai saye na farko, kuma ƙofarsa za a fara ƙwanƙwasawa. Wanda kuma yake saye yana sayarwa a kai a kai ya sani cewa dokar 2022 ta faɗaɗa ma'anar ɗan kasuwa zuwa duk wanda babbar manufarsa cin riba ce.

Alhaji Bashir: Da yardar mutum na amince, Barista, ni ma ba na sayar wa wanda bai nuna mini lasisin ɗaukar bindiga na Teksas ba. Tilas ɗin ne ba na so, da kuma sunan ɓaraka da ake liƙa wa dokar da aka yi da idanu biyu.

Malam Habu: Tun da magana ta yi tsawo, bari in taƙaita inda aka kwana kamar yadda na fahimta. Malam Nasiru ya kira cinikin hannu da hannu ɓaraka, Alhaji Bashir kuma ya nuna da shekaru da ƙuri'u, daga 1986 zuwa 2013, cewa majalisa tana sane ta bar shi, kuma babu wanda ya iya ture wannan hujja. Adadin da Usman ya dogara da shi ya rushe a hannun Barista Jamila. Hajiya Rakiya ta yi magana mai sosa rai, muna kuma girmama aikinta, sai dai misalinta na Odessa ya koma hujjar Alhaji, tun da an ɗaure mai sayarwar da dokar da take akwai. Bayanin Barista ya tabbatar da cewa cinikin cikin jiha yana da sharuɗɗa masu nauyi, har da ɗaurin shekara 15, don haka mafi yawanmu mun gamsu cewa kalmar ɓaraka ba ta dace ba. Malam Nasiru, ka nemi dillali mai lasisi a Oklahoma kusa da ɗan yayarka, ka tambaye shi yadda za a aika masa da fistol ɗin da kuma kuɗin aikinsa kafin ku yanke farashi.